Wane Fim Za Mu Haska Wa Mutanen Garinmu?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ikara ko Makarfi ko Kudan, in dai ya taɓa zama kusa da dattawa, da wuya a ce bai ji labarin majigi ba. Motar Gwamnati ce takan iso gari da la'asar sakaliya, sankira ya zaga unguwa-unguwa yana shela, bayan an idar da sallar lisha sai a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, gari ya hallara. Abin da akan nuna bai wuce yadda ake shuka auduga a layi ba, da amfanin haƙa masai, da saukar wani babban baƙo a Kaduna, sai kuwa irin su Baban Larai. A gefen ƙyallen akwai mutum tsaye da lasifika, yana bayyana wa jama'a da Hausa abin da idonsu ke gani. Dattawa suna tuna wannan zamani da daɗi, ni kuwa ban zo don in ɓata musu ba. Abu ɗaya kurum nake so mai karatu ya lura da shi, watau ba a taɓa tambayar mutanen Paki ko Gimi ko Hunkuyi abin da suke so su gani ba. Wani ne can a ofis ya zaɓa, mota ta kawo.

Da gidajen silima suka kafu a birane, tun daga Rex ta Kano a 1937, zaɓin bai dawo hannun mai kallo ba. Ya koma hannun 'yan kasuwa mutanen Labanan, waɗanda muke kira Kwarori, su ne suka riƙa shigo da fina-finan Amurka da Ingila, daga baya suka gwada na Indiya suka ga sun fi ciniki. Yau kuma ga gidan kallo, ga shagon tura fim a waya a kowace tasha da kowace kasuwa. Abin da mai shago ya samu a kwamfutarsa, shi matasanmu za su kalla, ba ƙari. Shi kuwa ba ya ajiye abin da ba a tambaya, mutane kuma ba sa tambayar abin da ba su san akwai shi ba.

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai waɗanda suka fara kafa ƙungiyoyin kallon fim a garuruwansu lokacin hutu. A iya sanina wannan ne karo na farko da zaɓin ya faɗo hannun 'yan gari, kuma ina tsoron kada mu sake miƙa shi ga wani da hannunmu. Mu dai mun taɓa yin haka, shi ya sa nake da bakin magana.

A shekarar 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata takwas, mu 'yan ƙananan hukumomin nan uku muka rasa abin yi a gida. Sai muka haɗa kuɗi, muka ari na'urar haska hoto, muka yi hayar janareto, muka nemi izinin wata makaranta aka ba mu filinta. Da aka zo zaɓen fim, wani daga cikinmu, wanda ya fi mu karance-karance, ya kawo jerin da mujallar Sight and Sound ta Ingila ke fitarwa duk bayan shekara goma, inda masana ke jefa ƙuri'a a kan fina-finan da suka fi kyau a duniya. Ya nuna mana cewa Citizen Kane, na Orson Welles, wanda ya fito a 1941, shi ya riƙe kambun tun daga 1962 har zuwa 2002. Wa zai ja da masana? Muka ɗauko shi. An fara da mutum ya fi hamsin a kan tabarmi, kafin a kai rabi saura mu da muka shirya abin, da yara masu jiran a kashe janareto su ga yadda ake naɗe waya, da wani dattijo guda da kunya ta hana shi tashi. Da aka gama ya tambaye ni, ya ce, "Malam, shi wannan attajirin, me aka yi masa ne?" Na buɗe baki in ba shi amsa, na ga ni ma sai na yi dogon tunani.

Ba na cewa fim ɗin ba shi da kyau. Wanda ya san tarihin jaridun Amurka, ya kuma ji Ingilishi ƙwarai, zai sami abin ƙaruwa a cikinsa. Amma jerin nan amsa ce ga wata tambaya da masana sana'ar fim suke yi wa junansu, watau wa ya fi gwaninta da na'ura, wa ya kawo sabon salo. A ƙarshen 2022 ma da suka sake ƙuri'a, wanda ya zo na ɗaya shi ne Jeanne Dielman, na Chantal Akerman, fim mai tsawon fiye da awa uku wanda yawancinsa mace ce ke aikin gida ita kaɗai. Suna da hujjarsu. Mu tamu tambayar daban ce: manomin da ya wuni a fadama, ya ba mu awa biyu daga cikin barcinsa, me zai koma gida da shi?

A ganina ma'aunin da ya kamata mu riƙe shi ne wannan. Fim ya zama baƙo a fuska da sutura da harshe, amma damuwar da ke cikinsa ta zama wadda mai kallo ya kwana da ita. In an sami haka, baƙuncin ma taimako yake yi, domin mutum ya fi iya duban matsalarsa da idon basira in ya gan ta a jikin wani na nesa, wanda ba danginsa ba, ba kuma abokin gabarsa ba.

Ba mu ne muka gano wannan ba, iyayenmu sun riga mu. Mother India, na Mehboob Khan, ya fito a 1957, amma Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya tarar har a lokacin ana haska shi gidan silima ya cika. Akan ce waƙoƙi ne suka riƙe mutane. Waƙoƙin suna da daɗi, ba musu, amma fina-finan Indiya nawa ne masu daɗin waƙa da aka manta da su? Abin da ya riƙe Bahaushe shi ne gona da bashi. An jinginar da gona don a yi hidimar biki, mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin kowace kaka, miji ya rasa hannuwansa ya bar gida don kunya, Radha ta ja garma da wuyanta ta raini 'ya'yanta. Wanda ya san jinginar gona, ya kuma san yadda akan ci bashi da damina a biya da hatsi da kaka, ba ya bukatar a fassara masa wannan.

To, akwai wani fim na Indiya da ya girmi wannan da shekara huɗu, wanda ban taɓa samun wanda ya gan shi a garinmu ba, kuma shi nake so mu fara nema. Sunansa Do Bigha Zamin, na Bimal Roy, 1953, ma'anar sunan kuwa ɗan fili ne da bai kai eka guda ba. Mai ƙasa yana so ya gina masana'anta, gonar Shambhu ta tsaya masa a tsakiya, sai ya tono tsohon bashi, kotu ta ba Shambhu wata uku ya biya ko a yi gwanjon gonar. Ya tafi ci-rani birnin Kalkata yana jan keken ɗaukar mutane da ƙafa, ɗansa yana goge takalma. Ya dawo ya tarar an kewaye gonar ana gini, ya sunkuya zai ɗebi ƙasa cikin tafin hannu, mai gadi ya hana shi. Ina tambayar mai karatu, gida nawa ne a Saulawa ko Gubuchi ko Likoro da ba su da ɗa a Abuja ko Legas ko Fatakwal yana acaɓa ko tura baro ko gadi, yana aiko da abin sayen taki? Bimal Roy kansa ya ɗauki darasi ne daga wani fim na Italiya, Ladri di biciclette, watau Ɓarayin Kekuna, na Vittorio De Sica, 1948. Magidanci ya sami aikin manna takardun talla a birnin Rum, aikin sai da keke, matarsa ta jinginar da zannuwan gado aka karɓo keken, ranar farko aka sace shi. Sauran labarin yawon nema ne shi da ƙaramin ɗansa, har ya kai ga shi ma ya miƙa hannu ga keken wani a gaban yaron. A mayar da keken nan babur, an zo gida.

Ga masu noman rani kuwa, waɗanda tumatir da rake da albasa suka riƙe, akwai Al-Ard, watau Ƙasa, na Yusuf Shahin, mutumin Masar, wanda aka ɗauko daga littafin Abdurrahman Sharƙawi aka haska a 1970. Hukuma ta rage wa talakawan wani ƙauye kwanakin ban-ruwa daga goma zuwa biyar don gonar wani mai hali ta ƙoshi. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne, kafin mutanen su fuskanci wanda ya zalunce su, sai da suka fara fasa kawunan juna a bakin hanyar ruwa. Duk wanda ya taɓa ganin rigimar masu lambu a watan Maris, sa'ad da rafi ya ja baya injuna suka yi yawa, ya san gaskiyar wannan. Ga shi kuma da Larabci ne, akwai sallama da salati da rawani, kunnen mutanenmu ba zai ji shi bare ƙwarai ba.

Daga yammacinmu akwai Mandabi, na Usman Sembene, mutumin Senegal, 1968, da harshen Wolof. Ibrahima Dieng, mai mata biyu da 'ya'ya bakwai, ba aiki, ɗan 'yar'uwarsa da ke shara a Faris ya aiko masa da takardar kuɗi ta gidan waya. Kafin ya karɓa sai da katin shaida, katin sai da takardar haihuwa, takardar sai da sanin wata da ranar da aka haife shi, ga maƙwabta sun ji labari sun yi layi, ga mai kanti ya buɗe masa littafin bashi. Abin dariya ne har hawaye, amma wanda ya taɓa raka tsohonsa gyaran suna a katin ɗan ƙasa ko a banki zai yi dariyar ne yana cije leɓe.

Akwai guda da muka yi gardama a kansa har yau ba mu gama ba, shi ne na Akira Kurosawa, mutumin Japan, 1954, wanda aka fi sani da Seven Samurai, watau Mayaƙa Bakwai. 'Yan fashi suna jiran a girbe amfani su zo su kwashe, manoma suka ɗauko mayaƙa bakwai, ladansu abinci kawai, don su tsare ƙauye. Wasu daga cikinmu sun ce kada a haska shi, domin da abin da maƙwabtanmu na Giwa da Birnin Gwari suka gani a shekarun nan, zai zama kamar muna zuga matasa su ɗauki makami. Ni kuwa na ce wanda ya kalle shi har ƙarshe ba zai fita da zumuɗi ba. Huɗu daga cikin bakwai ɗin sun mutu, an ƙone gidajen da ke bayan ganuwa, an kuma nuna cewa manoman kansu ba tsarkaka ba ne, sun taɓa kashe mayaƙan da suka gudo daga fagen fama sun ɓoye makamansu. Zancen nan ana yinsa a kowace majalisa, da fim da ba fim. Illarsa ɗaya tsawo, ya kusa awa uku da rabi, sai dai a raba shi dare biyu, man janareto ma ya huta.

Na san abin da wani zai ce: yaran Hausa, masu nazarin Hausa, me ya kai ku tallan kayan waje? Wani kuma zai ce fim ɗin waje shi ya ɓata tarbiyya. Ga na farko, amsata ita ce Abubakar Imam bai ƙi karanta labaran Larabawa da na Indiya da na Turai ba kafin ya rubuta Magana Jari Ce, kuma ba wanda ya ce littafin ba na Hausa ba ne. Masu shirya fim na Kano sun daɗe suna koyo daga Indiya, amma daga reshe ɗaya, na soyayya da rawa, domin shi kasuwa ta kawo musu. Da sun ga Bimal Roy da wuri, wataƙila da manomi ya fi haka samun wuri a fim ɗin Hausa. Ga na biyu kuwa, ina tare da shi rabin hanya. Kayan waje sun riga sun shigo, suna cikin aljihun kowane yaro, kuma ba mai tacewa. Abin da ƙungiya za ta iya yi shi ne ta kalli fim tun daga farko har ƙarshe kafin ta kai shi fili, mutum uku aƙalla, cikinsu har da wanda ya manyanta. In akwai abin da ba za a iya kallo tare da suruki ba, a bar fim ɗin gaba ɗaya, ya fi a riƙa tsallake wurare ana rufe na'ura da hula. Xala na Sembene, alal misali, gwanin fim ne, amma labarin attajiri ne da ya kasa kusantar amaryarsa, wurinsa ɗakin karatu. Haka Ceddo, na 1977, wanda ya taɓo yadda Musulunci ya shiga wata masarauta ta hanyar da za ta tayar da ƙura a filin gari. Wannan fim, don nishaɗin 'yan sashenmu, an hana haska shi a Senegal, dalilin da Gwamnatin Senghor ta bayar kuwa shi ne wai an rubuta sunan da harafin d biyu maimakon ɗaya. Ashe ba mu kaɗai ne ƙa'idojin rubutu ke hana barci ba.

Sai maganar mata. Tun zamanin da ake kiran silima dodon bango, macen kirki ba ta zuwa, kuma filin makaranta da dare bai canza wannan ba. Amma kunya ce a haska labarin Radha ga maza zalla. 'Yan'uwanmu ɗalibai mata su karɓi na'urar da rana, su haska a cikin gida ko a aji, su ja tattaunawar da kansu.

Zaɓe ke nan. Nema kuwa ya fi wuya, kuma a nan ne ƙungiyoyi da yawa za su gaji su koma ga abin da ke shagon tasha. Na zaga shaguna a Makarfi da Tashar Yari da Sabon Garin Zariya da sunayen nan a takarda, abin da na samu bai wuce Mother India ba, da fim ɗin Umar Mukhtar na Mustafa Akkad, wanda kowa ya riga ya haddace. A intanet akwai da yawa, a YouTube da Internet Archive, musamman na Charlie Chaplin irin su The Kid na 1921, wanda ba magana a cikinsa, ya kuma dace a buɗe taro da shi saboda yara. Amma a yi hattara. Sau da yawa kwafin da ke yawo an yanke shi, ko an datse gefen hoton, ko rubutun fassarar da ke ƙasa ya riga magana ko ya makara. Dabarar da muka koya mai sauƙi ce: a nemi sanin ainihin tsawon fim ɗin da minti, a gwada da na kwafin da ke hannu. Mun taɓa sauke wani da ya gaza da kusan rabin awa, bayan mun ƙone kuɗin data.

Hanya mafi kyau ita ce a nemi kwafin da aka gyara. Tun 2007 Martin Scorsese ya kafa wani shiri na ceto tsofaffin fina-finan duniya, a 2017 kuma aka buɗe reshe na musamman don na Afirka tare da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka da ma'ajiyar fim ta Bolonya a Italiya. Faransawa suna da ma'ajiyar fina-finan Afirka a Faris tun 1961, wadda ke ba da aro don haskawa ba da nufin ciniki ba, ƙofar da ta fi kusa da mu kuwa ita ce Alliance Française ta Kano ko ta Kaduna. Ta nan ya kamata a nemi ayyukan da suka shafi maƙwabtanmu na Nijar, irin su na Umaru Ganda, wanda fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin Wagadugu a 1972, da Sarraounia na Med Hondo, 1986, labarin Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransawa a 1899. Labarin ƙasar Hausa ne, amma sai mun bi ta hannun baƙi kafin mu gan shi. Kada wannan ya ba mu mamaki. Shaihu Umar ma, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ɓace shekara da shekaru, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka haska a bikin Balin a 2018. Irin waɗannan wurare ba sa amsa wa ɗalibi ɗaya mai lambar waya, amma sukan amsa wasiƙa mai hatimin sashe. Don haka ina roƙon malamanmu su ara mana sunansu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba fim kariyar shekara 50 daga fitowarsa, yawancin waɗanda na ambata sun wuce haka, amma masu gyara suna da nasu sharuɗɗan, kuma mu ba ma karɓar kuɗin ƙofa. A faɗi wannan a cikin wasiƙar.

Ko an sami kwafi mai kyau, saura aiki ɗaya, wanda shi ne namu na kanmu. Rubutun fassara na Ingilishi da ke gudu a ƙasan hoto ba ya amfanar mutumin da karatunsa na allo ne, ko wanda idonsa ya raunana. Masu fassarar Indiya-Hausa sun gane wannan tun tuni, shi ya sa suka mamaye kasuwa, kuma sun cancanci yabo a kan kaifin harshe. Sai dai su nishaɗi suke sayarwa, sukan cusa barkwanci inda mai fim ya yi shiru da gangan. In aka yi wa Ɓarayin Kekuna haka, an kashe shi. Abin da nake ba da shawara shi ne mu dawo da mutumin nan na gefen ƙyalle, mai lasifika, wanda Japanawa ma sun yi irinsa a zamanin fim marar magana. Amma namu ya shirya. A zauna a rubuta fassarar tukuna, a yi gardama a kan kowace kalma, a san inda za a yi magana da inda za a bar hoto ya yi. Me za mu kira mai ƙasar da ya ƙwace gonar Shambhu, tun da ba hakimi ba ne, ba kuma dagaci ba? Yaya za a fassara baƙar maganar da matan Ibrahima Dieng ke yi a bayan idonsa ba tare da an mayar da su matan Kano ba? Wannan aikin fassara ne na sosai, kuma ban ga dalilin da zai hana sashe ya karɓe shi a matsayin aikin jinga ko kundin kammala digiri ba.

Mu dai mun tsayar da Do Bigha Zamin don hutu mai zuwa, bayan an gama girbi, kafin sanyi ya yi tsanani. Mutum biyu suna kan fassara, sun kai wurin da Shambhu ya sauka Kalkata aka sace masa ƙunshin kayansa yana barci. Dattijon nan da ya tambaye ni labarin attajiri na je na gaya masa, ya ce zai zo, amma a ajiye masa kujera, tabarma tana tayar masa da ciwon gwiwa.